Kaba da Goriba: Haƙƙin Wanda Ba a Haifa Ba

Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi da ta Tasawa, tsohon gulbi ne da ruwansa ya daɗe da nutsewa ƙarƙashin rairayi. Sunansa daga tsiro ya samo shi. Kaba ita ce goriba tun tana ƙarama, kuma da ganyenta ake saƙa tabarma da faifai da kwando da malfa. Kai, har lefen amarya, kafin akwati ya gaje sunan, kwandon kaba ne.

Sana'ar ta girmi tarihin da aka rubuta. A Fayum ta ƙasar Masar an tono rumbunan ƙasa da aka shimfiɗe da saƙar kwando, masu shekara fiye da 6000. A kabarin Fir'auna Tutankamun kuwa, wanda aka gano a 1922, an tarar da kwanduna cike da ƴaƴan goriba, irin wadda yaran Tasawa ke gwaigwaya.

Sai dai kabar da ake yi wa yanka kowace shekara ba ta samun sararin miƙewa. Tana nan tsugune, ba gangar jiki, ba ƴaƴa, ba iri. Masaƙiya tana ci daga kaba, jikanta kuwa goriba zai nema ya rasa. Shin ta zalunce shi?

Amsa “i” tana da sauƙi a bakin mai albashi. Matar da hatsinta ya ƙare tun kafin bazara, yaron da ke gabanta take ciyarwa. Wanda ba a haifa ba bai iya kuka ta ji. Kuma in ta bar tsiron, wata za ta yanke shi gobe, tun da abin da ba na kowa ba na mai rigan zuwa ne. Manoman Maraɗi da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980 sun raya itatuwa a gonakinsu ne sa'ad da suka tabbata itacen nasu ne.

Akwai kuma mai saye, wanda ba a cika kawo shi cikin shari'ar ba. Shi ne ke tsayawa ran kasuwa yana jayayya kan dala biyar a tabarmar da ta ci kwanaki ana saƙa. Abin da ya rage mata a ciniki, da lauje take komawa gulbi ta cike shi.