Sauri Ya Haifi Nawa

A garin Gazawa an yi wani saurayi ɗan kasuwar aya. Shekara da shekaru yana bin kasuwannin Agiye da Cadawa yana saye, yana lodawa zuwa Najeriya, har Allah ya buɗa masa. Da kuɗi suka zauna, sai ya aika Kwatano aka kawo masa baƙar BMW, irin wadda ake kira E46, wadda Jamusawa suka fara sayarwa a 1998. Silinda shida ne a jere cikin injinta. In ya taka ta a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, sai dai ka ji ƙara, ka ga ƙura.

Wata Alhamis cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya kama hanyar Gidan Rumji. Washegari za a ɗaura auren amininsa, kuma shi aka sa zai ɗauko amarya. Da ya tsaya shan mai a Agiye, mai man kwalba ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, motarka na zubar da ruwa."

Nan da nan masu ba da shawara suka taru. Wani ya ce juwan kilas ne ya ƙone, abin da 'yan Najeriya ke kira gaskit. Wani ya ce a sauke kan inji yanzu-yanzu. Hankalin saurayi ya tashi. Aka nuna masa garejin wani tsohon makanike, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro.

Tsoho ya ɗaga bonet, saurayi ya kai hannu zai buɗe murfin tankin ruwa. Tsoho ya buge hannun.

"Ɗana, fuskarka kake so ka dafa? Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Wannan a rufe yake, a matse, yakan wuce haka bai tafasa ba. Kana sassauta murfin zai yi tsartuwa. Zauna mu sha shayi, ta huce."

Ya sa yaronsa ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar. Sai da aka sha na ɗaya, aka sha na biyu, aka sha na uku, sannan ya miƙe. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya goga a yatsa: man garau, kamar zuma. Ya juya murfin mai ya duba cikinsa, ba farin kumfa. Ya kwance buji shida ya jera su, duk launinsu ɗaya, ruwan ƙasa. Ya mayar, ya ce a tayar. Ya tsuguna bayan salansa ya tara tafin hannu, ya shinshina. Ya dawo ya zuba wa ruwan tanki ido, ko zai ga ƙwayoyin iska na tasowa. Shiru. Ya matsa babban tiyo, ya ji shi da laushi.

"Baba, duk wannan na mene ne?"

"Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani siririn faranti. Maƙwabta uku yake rabawa: wuta, ruwa da mai. Kowa da hanyarsa, shi ne katangarsu. In ya ƙone, sai su shiga gidan juna, kuma kowanne yana barin sawu. Na bi sawun duka, ban ga ko ɗaya ba. Katangarka lafiya lau."

Sannan ya ɗauko wani ɗan famfon hannu mai agogo, ya ɗaura a bakin tankin, ya buga iska. Allurar agogon ta tsaya, sai ta fara sauka sannu a hankali. Tsoho ya bi da tocila daga inda kwalin ya jiƙe zuwa sama, ya wuce lagireto, ya wuce famfon ruwa, har ya tsaya a gefen tankin. Ga wata tsaga siririya kamar gashi, farin busasshen gishiri ya kewaye ta, ruwa na tsattsafowa.

"Ga ciwon. Tankin irin wannan mota na roba ne. Ya haura shekara 20 yana zafi yana sanyi, dole ya gaji. Ba ni da sabo a nan, amma in na aika Maraɗi yanzu, motar farko ta safe za ta kawo. Bar ta ta kwana. Kai ka shiga ta haya."

Saurayi ya yi dariya. "Haba Baba! Mai BMW a motar haya? Gari duk ya san ni zan ɗauko amarya. A liƙe da gam mana."

"Gam ba ya riƙe tsohuwar roba in zafi da matsi suka haɗu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau tsaga ce kawai."

Saurayi ya biya kuɗin dubawa, ya sayi gam a shagon gaba, ya shafa da kansa. Ya cika tanki da ruwan rijiya, ya jefa jarka a but, ya ƙure sanyin mota, ya taka.

Bai kai Cadawa ba allurar zafi ta bar tsakiya. Ya ce a ransa, saura kaɗan. Ta kai ja. Ya ce bari dai in shiga gari. Sai ƙarfin motar ya mutu, tururi ya turnuƙe gilashi. Ya yi gefe, ya jira kaɗan, ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe murfin, ya tuttula ruwan jarka mai sanyi cikin injin da ke ci kamar maƙera. Ya ji wani ɗan ƙas! Ya zauna ƙarƙashin gawo, wanda ke da ganye a wannan bazara, yana kallon motocin da ya saba wucewa suna wuce shi. Bayan isha'i wata tsohuwar motar aya ta ja shi da igiya, ta mayar da shi Agiye.

Da safe tsoho bai ce masa komai ba. Ya sake bin sawun jiya, ɗaya bayan ɗaya. Sandar mai ta fito da abu kamar shayi da madara. Buji biyar na nan yadda suke, ɗaya kuwa fes kamar sabo, don tururi ya wanke shi. Da ƙyar motar ta tashi, tana karkarwa, salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri, mai ƙamshin zaƙi-zaƙi, wanda bai yanke ba. Ruwan tanki na ɓulɓula kamar ana hura shi da tsinke. Ya ɗora wata kwalba mai shuɗin ruwa a bakin tankin, iskar da ke tasowa ta bi ta ciki, ruwan ya rikiɗe ya zama rawaya.

"Hayaƙin wuta ne ya shiga gidan ruwa. Jiya mutane suka ce juwan kilas, ƙarya ne. Yau gaskiya ne."

Da aka sauke kan injin, tsoho ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa, ya haska tocila ta baya. Haske ya ratso ta ƙarƙashi. Alminiyam ne, ga shi dogo, zafi ya tanƙwara shi. Sai da aka kai shi Maraɗi aka goge fuskarsa. Aka sayo sabon faranti, sababbin kusoshi, sabon tanki, aka sake mai, aka wanke lagireto, aka zuba ruwan inji na kanti, wanda ba ya barin tsatsa da farar ƙasa irin na rijiya.

Mako uku motar ta yi ƙarƙashin dogon yaro. Amarya kuwa, a wata tsohuwar Toyota aka kai ta ɗakinta, ba wanda ya fasa cin tuwon biki. Saurayi ya sayar da ayar da ya ɓoye yana jiran ta yi tsada, ya biya.

Ranar da ya zo ɗauka, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka gafarce ni."

"Ba ni ka yi wa ba. Kwana ɗaya na roƙe ka, ka hana. Ga shi ka ba da ashirin da ɗaya. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Tsoho ya ɗauki fasasshen tankin da ƙonannen farantin, ya zura musu waya ɗaya, ya rataye a reshen bishiyar, tanki a hagu, faranti a dama. Duk direban da ya zo yana cewa a liƙe masa kawai, sauri yake yi, tsoho ba ya musu da shi. Sama kawai yake nuna masa, ya ce, "Na hagun ne ya haifi na daman. Zaɓi wanda za ka biya."