Kafireta da sanin inda tsakiya take

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, roƙon da kanikawan babur suka fi ji a Dambatta da Bichi da Kunci shi ne: "Oga, a rage masa shan mai." Bakanike zai kwance kafireta, ya wanke ta da fetur a gindin gwangwani, ya sassauke allurarta, wani lokaci ya sa mata jet mai ƙaramar huda. Mai babur ya tafi da farin ciki, domin litar da ke kai shi kasuwa ta dawo da shi yanzu har saura take yi. A ganinsa ya yi tattali, kuma addini ya yabi mai tattali. Ni kuwa ina ganin sau da yawa abin da ya yi ɓarna ce da ta sa rigar tattali, kuma wannan ɗan ƙarfe ya isa ya nuna cewa tsaka-tsakin da malamai ke mana wa'azi a kansa ya fi yadda muke ɗaukarsa wuyar samu.

Aikin kafireta gauraya iska da fetur ne. Iska na wucewa ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, saurinta ya ƙaru, sai ta zuƙo mai ta hudar jet. A lissafi, ana son nauyin iska ya ninka na fetur sau 14.7 kafin man ya ƙone duka, amma inji ya fi ba da ƙarfi idan an ɗan ƙara man, wajen 12 zuwa 13. A inji mai bugu biyu, irin na Suzuki AX100 da Jincheng mai hayaƙi da tsohuwar Vespa da ƙaramin janareto, lamarin ya fi tsanani. Ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasansa kamar yadda babur Boxer ke da shi. Ko dai famfo ya riƙa ɗiga masa baƙin man, ko a haɗa shi da fetur a tanki, kuma fetur ɗin nan shi ke sanyaya kan fistin. Idan aka matse shi, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya cije a jikin silinda, ko kansa ya huje. Idan aka sake shi da yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari, salansa na zubar da mai. Har ma akwai abin mamaki: wanda ya ƙara baƙin mai a tanki don tausayin inji ya rage fetur ɗin da ke bi ta hudar ke nan, wato da kyakkyawar niyya ya tura injin wajen yunwa.

Masu tseren babur a Turai da Japan sun daɗe da sanin wannan, domin har zuwa 2001 injuna masu bugu biyu ne ke mulkin babban rukunin gasar duniya, kafin a buɗe wa masu bugu huɗu ƙofa a 2002. Sabon shiga yakan ɗauka kafireta mafi faɗi ita ce mafi gudu, sai ya cire Mikuni ko Keihin mai milimita 28 ya sa mai 38. A miƙaƙƙiyar hanya yana iya ganin ƙari, amma da ya fito daga kwana ya murɗa totur sai injin ya shaƙe, saboda iska ta yi sanyin gudu a faffaɗan maƙogwaro ta kasa zuƙo mai. Gwani yakan duba girman injinsa, da yawan kwanonin filin, da yanayin ranar, kafin ya zaɓa. Jet ɗin da ya yi daidai da safe yana iya yin yawa da azahar, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Haka abin yake a nan: saitin da ya dace da zafin Afrilu zai bar inji da ƙishirwa a asubahin hunturu, sannan ƙurar hunturun ta toshe filta ta mayar da shi ɗaya gefen.

A Suratul Furƙan, aya ta 67, an yabi bayin Allah da cewa ciyarwarsu tana tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Mutane da yawa na fahimtar wannan kamar a auna tsawon igiya a ɗaura alama a rabinta, wasu kuma a zuci sun ɗauka duk wanda ya rage ya fi kusa da tsoron Allah. Fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu bai tafi a kan haka ba. Malaman Malikiyya ba su yanke wa ciyar da iyali mudu kaza ga kowa da kowa ba, sun ce a duba halin miji da halin mata da al'adar gari, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta rataya ciyarwa da gwargwadon wadatar mutum. Imam Gazali a Ihya ya ɗauki kyauta a matsayin hali da ke tsakanin rowa da ɓarna, tun kafinsa kuma Aristotle ya ce tsakiya a ɗabi'a ana auna ta ne da mutumin da ake magana a kansa, har ya yi misali da abincin da zai yi wa ƙaton ɗan kokawa kaɗan amma ya fi ƙarfin cikin sabon shiga. Baburin da ke ɗaukar buhun gero biyu a cikin rairayi daga ƙauyukan Makoɗa zuwa bakin titi yana da haƙƙin mai fiye da wanda malamin makaranta ke hawa shi kaɗai a kan kwalta, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya.

Za a ce wannan magana ta buɗe ƙofar son zuciya. Idan tsakiya na canzawa da mutum da lokaci, marowaci zai ce tasa ke nan, almubazzari ma ya ce tasa ke nan, babu mai kama wani. Wannan suka ce mai nauyi, kuma ita ta sa wasu suka fi son a ba su lamba su huta. Amma canzawar ma'auni daban take da rashinsa. Bakaniken kirki ba ya tambayar mai babur yadda yake ji a ransa, fulogi yake kwancewa ya duba: idan bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa kuma a bushe, an dace, idan ya yi fari fat, inji na cikin yunwa, idan ya yi baƙi da maiƙo, an cika masa. Hukuncin yana wajen mai abin, kuma ba ya karɓar uzuri. A sha'anin gida ma shaidun suna nan, a jikin yara, da bashin da ke taruwa, da abin da maƙwabta masu hankali suka sani da al'ada. Shi ya sa alƙali ke iya yanke wa miji ciyarwa ba tare da wata lamba da ta sauko daga sama ba.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya. Manomin da ya ce a rage masa shan mai ba rowa ke damunsa ba, babu ce. Kuɗin lita yau ake nemansa, kuɗin fistin da ringi kuwa sai wata uku ko shida, wanda kuma bai ci yau ba ba a yi masa lissafin bazara. Na yarda da wannan, kuma shi ya sa ban ɗora masa laifi ba. Sai dai talauci na ɗauke zargi ne daga kan mutum, ba ya hana ƙarfe narkewa, kuma ranar da injin ya buga a hanyar asibiti da mai naƙuda a baya, wanda ya fi kowa rashin kuɗin gyara shi ne zai biya. Nauyin a nan ya koma kan mai sani. Bakaniken da ya san iyakar da za a iya ragewa, ya wuce ta don a ce hannunsa na da kyau, alhali ya san aikin buɗe inji zai dawo gare shi, ya ci amana, kuma haramcin algus a ciniki bai tsaya ga masu sayar da hatsi ba. Abin da ke kansa shi ne ya fara da gyaran da ke rage mai ba tare da cutarwa ba, ya wanke filta, ya duba tudun mai a kwanon kafireta, ya ɗaure sarƙa, ya cika taya, sannan ya faɗa wa mai babur a fili cewa daga nan duk abin da aka rage daga ran injin ake cirowa.

Saura mai cewa tseren kansa almubazzaranci ne, don haka ba a koyon tsaka-tsaki a wurin masu yinsa. Shari'a ta halatta tseren dawaki da raƙuma da gasar harbi, kuma Kano ba baƙuwar sukuwa ba ce, saboda haka yawan abin da aka kashe shi kaɗai ba ya yanke hukunci sai an duba abin da aka nufa da shi da wanda zai iya cutuwa. Ɗan tsere na saita injinsa dab da bakin yunwa da saninsa, yatsunsa na kan kuloci don ya kama idan fistin ya cije, a rufaffen fili, da hular kwano, kuma bayan gasa zai kwance injin ya sake fistin. Saurayin da ya fasa salansa ya faɗaɗa jet don ya yi wasa da babur a rakiyar amarya, a cikin layin da yara ke tsallakawa, ya ɗauki kasadar ɗan tsere ba tare da ko ɗaya daga cikin sharuɗɗansa ba, kuma waɗanda ya sa a cikinta babu wanda ya nemi yardarsu.