Kyautar Attajiri da Bakin Malami

 

Masana a ƙasashen Turawa sun daɗe suna gargaɗi cewa na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira suna iya jawo ɓarna idan ba a yi musu linzami ba, kuma mafi yawan kuɗin binciken yadda za a yi linzamin daga aljihun attajirai ya fito. A 2015 Elon Musk ya ba cibiyar Future of Life Institute dala miliyan 10. A 2017 gidauniyar Open Philanthropy, wadda ke raba dukiyar Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ta ba OpenAI dala miliyan 30, ita kuwa OpenAI ita ce ta fito da ChatGPT a 2022.

Wani mai kyautar, Sam Bankman-Fried, ya yi ta rabon kuɗi ga irin waɗannan masana har kamfaninsa FTX ya rushe a Nuwamba 2022, aka gane dukiyar masu ajiya yake ci. A Maris 2024 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 25, an kuma nemi waɗansu da suka karɓi kyautarsa su mayar. Hukuncin shari'a a nan bayyananne yake. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da ciyarwa daga tsarkakakkiyar dukiya, malaman fiƙihu kuma sun ce abin da aka ƙwace ana mayar da shi ga mai shi ne, sadaka ba ta wanke shi.

To, amma ko dukiyar halal ce, akwai sauran magana, kuma ƙasar Gobir ta riga Turawa saninta. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, wanda kufan birninsa Alƙalawa ke ƙasar Sabon Birni, ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zinariya miskali 500. Shehu ya ƙi karɓa. Maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Da Shehu ya sa hannu ya ɗauki zinariyar nan, da wane baki zai yi maganar haraji? Haka nan masanin da ke cin abinci daga hannun mai ƙera na'ura, lalle harshensa zai yi nauyi ranar da ya ga aibinta.

Kada mutumin Isa ko Sabon Birni ya ce wannan rigimar Turawa ce. Yau na'ura tana iya kwaikwayon muryar sarki ko ta malami. A ƙasar da 'yan bindiga suka addaba, inda har aka katse layukan waya a 2021, saƙon murya guda na ƙarya yana iya watsa kasuwa, ko ya sa a afka wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ana bukatar masana masu jin Hausa su bincika wannan, kuma bincike sai da kuɗi.

Zakka dai masu cinta takwas ne, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, amma ƙofar waƙafi a buɗe take. Wanda ya yi waƙafi ya fitar da dukiyar daga hannunsa ke nan, ba shi da ikon janye ta don an faɗi abin da bai so. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana kuma da jami'a mai sunan Shehu. Ya kamata attajiran Gobir su duba wannan hanya.