Horon Hannu da Horon Zuciya

Akwai wata mas'ala da ta cancanci nazari a ƙasar Gidan Rumji, musamman tun daga shekarar 2019, lokacin da dubban 'yan gudun hijira suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasunsu a Cadakori, ɓarayin shanu da masu satar mutane kuwa suka riƙa afka wa ƙauyukan bakin iyaka da dare. Ga mas'alar: jandarma ko sojan da yake wuni a filin harbi, a sa shi gudu har numfashinsa ya sarƙe, sa'an nan a daka masa tsawa ya zare gidan harsashin ƙaramar bindigarsa da ya ƙare ya cusa wani, ya yi ta maimaitawa har hannu ya gaji, shin wahalar nan tasa ba ta nuna raunin tawakkali ba, alhali ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya?

Jawabi a wajen malamai a sarari yake, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda babu mahaluƙin da ya kai shi dogara ga Ubangiji, ya sa sulke biyu a ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, ya kuma tsayar da maharba 50 a kan tudu. Riƙon sababi ibada ne, abin zargi shi ne zuciya ta jingina ga sababin. Mutanen Tibiri, inda sarautar Gobir ta zauna bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun san labarin da ya shahara na Sarki Yunfa, wanda aka ce ya auna Shehu Usmanu da bindiga a Alƙalawa, wutar ta komo ta ƙone shi. Makami yana hannun bawa, hukunci kuwa yana hannun Mai Duka.

To, me ya sa ake horon cikin matsi, ba cikin kwanciyar hankali ba? Dalili shi ne, idan firgici ya sauko, zuciya takan yi ta dukan uku-uku, yatsu su yi nauyi, tunani ya tsaya cik, babu abin da zai rage wa mutum face abin da jikinsa ya saba. Tsofaffin mafarauta masu harba-ruga sun riga kowa sanin haka, gama wanda bai saba zuba albarushi ya danƙara tsumma ba tare da dubawa ba, ranar da naman da ya jikkata ya juyo kansa, ƙasa za ta sha albarushin. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali da cewa siffa ce tabbatacciya a cikin rai wadda ayyuka ke fitowa daga gare ta cikin sauƙi ba sai an yi tunani ba, kuma da riyala da maimaici ake samun ta. Ita ma Shari'a ba ta yi musun tsoro ba, sai ta tsara masa salla tasa, a raba sahu biyu, wasu na sujada wasu na tsaro.

Amma a nan ne babban hatsarin yake, domin hannun da aka koya wa aiki kafin hankali ya yi shawara, idan ba a koya wa zuciyar mai shi tsoron zubar da jinin da Allah ya haramta ba, zai iya harbe makiyayin da yake komawa rugarsa da magariba da irin gaugawar da aka tanada domin ɗan fashi. Su ma 'yan fashin ai sun iya ɗura bindiga, ba ƙwarewa ce ta raba su da mai tsaron jama'a ba. Saboda haka wajibi ne a kan shugabannin askarawa, da malaman da ke yi musu wa'azi, su maimaita wa yaran nan hukuncin rai gwargwadon yadda ake maimaita musu ɗurin harsashi, har tsayar da yatsa a inda ya kamata ya zame musu ɗabi'a, ba abin da za su tuna bayan an yi jana'iza ba.