Shin Wanda Aka Ɗauka Ya Hau Dutse?

A ƙasar Jamus akwai wani dutse, Zugspitze, mai tsawon mita 2,962, wanda babu kamarsa a ƙasar. A shekarar 1820 Josef Naus ya kai ƙololuwarsa da ƙafa, da jiɓin goshi. Yanzu kuwa, ko da tsakiyar hunturu, mutum yakan shiga jirgin ƙasa a garin Garmisch-Partenkirchen da safe, jirgin ya ratsa ramin da aka fafe cikin dutsen, sa'an nan keken da ke rataye a igiyar ƙarfe ya ƙarasa da shi bisa. Kafin magariba ya komo masauki.

To, shin wannan yana da bakin cewa ya hau dutse? Sauƙi ba laifi ba ne, ni'imar Allah ce. Laifin yana ga wanda ya tsaya cikin ƙanƙara yana alfahari, ya mance da leburorin da suka yi ta fasa dutsen daga 1928 zuwa 1930. Guminsu ne ya ɗauke shi.

Haka ilmi, haka dukiya, haka mulki. Mai hankali in ya ga kansa a bisa, sai ya tuna kafaɗar da ya taka, ya gode. Allah Ya tsare bayinSa daga butulci, amin.