Da Wace Zuciya Za Mu Shiga Garuruwan Da Nasara Suka Bari?



Ya ƴan uwa, da yawa daga cikinmu fatauci ko karatu yakan kai su garuruwan da Nasara suka yi zaman mulki, kamar Ndar ta ƙasar Senegal, wadda Faransawa suka sa wa suna San-Luwi, ko Giran-Basam da ke bakin teku a Kodebuwa, ko kuwa namu Damagaram, wanda shi ne babban birnin ƙasarmu kafin a mayar da mulki Yamai a 1926. Akan tambaye mu: shin ya halatta Musulmi ya tsaya kallon waɗannan gine-gine?

Wasu sukan kafa hujja da abin da ya faru a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, sa'ad da Annabi (SAW) ya bi ta Hijr, mazaunin Samudawa, ya hana sahabbai shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa, ya gaggauta wucewa. A ganina wannan kiyasi bai daidaita ba. Hijr wuri ne da azaba ta sauka a kan mutanensa. Ndar da Damagaram kuwa garuruwan Musulmi ne masu masallatai da malamai. Shiga halal ne. Abin bincike shi ne abin da mai shiga yake gani.

Wani zai tsaya gaban barikin da ke saman duwatsun Damagaram, ko gidan gwamna mai baranda a Giran-Basam, ya ce: "Kai, Bature ya iya gini!" Amma wa ya sari dutsen? Wa ya ɗauko ruwan kwaɓi a ka? Kakanninmu ne da ƴan uwansu, waɗanda aka kwaso daga gonakinsu ƙarƙashin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Yaba wa mai umarni tare da mance mai gumi tauye haƙƙi ne, ko da masu haƙƙin suna cikin kabari. Mafi ƙarancin abin da suke binmu shi ne addu'a a wurin da suka sha wuya.

Wani kuma zuciyarsa takan tafasa, ya ce gara a rushe komai. Fushinsa na da dalili: wanda ya san abin da rundunar Bule da Shanuwan ta aikata a Birnin Ƙonni a 1899 ba zai rasa ɗaci ba. Sai dai mai ƙara ba ya kashe shaidarsa. In aka share bango, da me za mu nuna wa jikoki cewa abin ya faru? Haka nan bai halatta mu ɗora laifin kaka a kan jikansa Bafaranshe da muka tarar yana ɗaukar hoto a wurin ba, domin a shari'armu kowa kayansa yake ɗauka.

Sannan a dubi yadda ikon ya ƙare. Zazzaɓin shawara na 1899 ya tilasta wa masu mulki barin Giran-Basam. Su kuwa Bule da Shanuwan, sojojinsu ne suka harbe su a cikin watan Yuli na wannan shekarar, kaburburansu na nan a Maijirgi, kusa da Tasawa, a gefen hanyar da motocinmu ke bi zuwa Damagaram.