Wa Ya Ɗura Bindigar?

Ranar 21 ga Oktoba, 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, ana gwajin wata fitowa a fim ɗin Rust, mataimakin darakta David Halls ya miƙa wa jarumi Alec Baldwin bindiga, ya ce masa babu harsashin gaske a ciki. Bindigar ta tashi. Harsashin ya ratsa mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya samu darakta Joel Souza a kafaɗa. Ita ta mutu.

A 2024 kotu ta ɗaure Hannah Gutierrez-Reed, mai kula da makaman fim ɗin, wata 18. Halls bai musa tuhumar sakaci ba, aka yi masa ɗaurin talala na wata 6. Shi kuwa Baldwin, wanda ya dage cewa bai danna kunamar ba, an kori ƙararsa a watan Yulin 2024 saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata hujja. Ba wanke shi aka yi ba, shari'ar ce ta ruguje.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai shi ne, mu a Zamfara bindiga ta kusa zama kayan ɗaki. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kai, a Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau. Yau a hanyar Tsafe, ganin saurayi rataye da bindiga ba ya sa kowa waiwaye. Ga kuma waya a kowane hannu, kowa na son yin fim.

To a ce samari a Bungudu za su ɗauki bidiyon barkwanci na TikTok, suna kwaikwayon 'yan bindiga. Suka aro bindigar toka wurin kawun ɗayansu, wanda ya yi sintiri da ita daren jiya bai sauke ɗurin ba. Wanda ya karɓo ya ce, "Ai babu komai ciki." Aka auna mai riƙe da waya, ta tashi. Jinin yana wuyan wa?

Da yawa za su ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai Shari'ar da jiharmu ke aiki da ita tun 2000 ba ta rufe maganar a nan ba. A kisan kuskure babu ƙisasi, amma akwai diyya, asalinta raƙuma 100, kuma a kan dangin mai kisan take, ba shi kaɗai ba. Kaffara kuwa, azumin wata 2 a jere, tasa ce, ba wanda zai ɗauke masa. Fikihu bai yi wannan rabon don fim ba, amma ni a nan na ga abin da kotun Amurka ba ta kai ga faɗa ba: nauyin yana raɓuwa ga mutane da yawa, kuma raɓuwar ba ta sauke kason wanda bindigar ke hannunsa.

Masu kare Baldwin sun ce duba bindiga ba aikin jarumi ba ne, an ɗauki ƙwararriya don haka. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ba a aikin taro sai da yarda da juna. Amma yardar da za ta sa in auna ƙirjin mutum da abin da ban duba ba, da ransa nake yin ta, ba da nawa ba. Shi kuma ba a tambaye shi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro a labarin Bungudu shi ne kawun. Ba ya wurin, bai auna kowa ba, ranar zaman makoki ma da shi za a karɓi gaisuwa. Shi kaɗai ne ya san da albarushi a ciki lokacin da ya ce wa yaron, "Tana bayan ƙofa, ɗauka."